Ba Ma Ƙona Kaya

Faifan waƙoƙin da ma'aikatan wani shagon wanki da guga suka fitar ya yi kasuwar da har yau masu sayar da faifai in suka tuna sai sun yi ajiyar zuciya. A makon farko aka kwashe na cikin kanti. A na biyu aka kwashe har wanda ake ratayewa a ƙofa don talla, duk da rana ta cinye launin bangonsa. A na uku kuwa masu buga na jabu suka aiko wa manajan mawaƙan da takardar koke, wai a rage gudu, injinansu sun yi zafi.

Su huɗu ne, kuma duk da laƙabin bakin aiki aka san su. Sitaci shi ne babba, mutum miƙaƙƙe wanda ko dariya zai yi sai ya duba ko akwai dalili. Bula ɗan ƙarami ne mai kunya, muryarsa siririya, in ya ja ta mai kawo wanki sai ya manta riga nawa ya kawo. Kumfa surutu ne aikinsa na farko, wanki na biyu. Sai Gawayi, wanda labarin nan nasa ne: dogo, mai faɗin ƙirji, shi ke hura wutar duwatsun guga a bayan shago, kusa da wani tsohon injin wanki mai ƙara kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Shekara goma sha ɗaya suna waƙa a bakin aiki, ukun a gaba, shi a can baya, injin yana tsakaninsu.

Injin nan ya yi wa jama'a alheri, don muryar Gawayi, a faɗi gaskiya ko da ana ƙaunarsa, ba ta waƙa ba ce. Ƙarfi akwai, har ya yi yawa. Amma in waƙa ta nufi gabas sai ita ta nufi arewa, gaba gaɗi, ko waiwaye babu. Shi kuwa bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa.

Rashin gaya masan yana da tushe. Shagon yana da ƙa'ida guda da ba a rubuta a ko'ina ba: in ɗayansu ya ƙona rigar mutane bai lura ba, ba a faɗa masa. Sauran ukun ne za su zare rigar daga cikin jeri a ɓoye, ɗaya ya ɗauke masa hankali da hira, ɗaya ya ruga wajen tela, ɗaya ya tari mai kaya a bakin titi ya ba shi haƙuri. Hujjarsu ita ce mai guga in ya san ya taɓa ƙona kaya hannunsa zai riƙa rawa, kuma da hannu mai rawa ake ƙona kaya. Ta haka kowannensu ya shekara goma sha ɗaya yana ganin shi kaɗai ne bai taɓa ƙona ko hankici ba, yana tausayin sauran ukun a zuci. Abin da ke rubuce a allon ƙofar shagon ma ke nan: BA MA ƘONA KAYA. Da aka zo neman sunan faifai, Kumfa ya ɗaga kai ya karanta allon, magana ta ƙare.

Wani mai fitar da faifan mawaƙa, da ake kira Manaja, shi ya gano su, ranar da ya kawo kwat a cire masa tabon mai. Ya tsaya a bakin kanta da tikiti a hannu, baki sake, har waƙa ta ƙare.

"Ku nawa ne?" in ji shi.

"Huɗu," in ji Sitaci.

"Uku nake ji."

"Huɗu ne. Komai na shagon nan huɗu ne."

Manaja ya ce ko goma ne yana so, su same shi a situdiyo ranar Litinin.

Situdiyon wani ɗaki ne a saman shagon takalma, an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Mai kula da na'ura, wanda kowa ke kira Injiniya, ya jera su gaban makirfo ya ɗaga yatsa. Suka fara. Ba su kai ƙarshen baiti na farko ba Injiniya ya cire abin kunnensa a hankali, ya ajiye, ya fita baranda ya tsaya yana kallon titi. Ya daɗe a can. Da ya dawo sai ya ce Sitaci da Bula da Kumfa su zo su taya shi ɗaga wata lasifika a waje. Gawayi ya ce ai shi ne mai ƙarfi, aka ce ya zauna ya huta.

Washegari aka ba Gawayi makirfonsa shi kaɗai, wanda ya fi kowanne girma da ƙyalli, a cikin ɗan ɗakin ajiya da aka jingina wa ƙofarsa katifa biyu. Akwai 'yar taga ta gilashi da yake hango sauran.

"Babbar murya ɗakinta daban," in ji Injiniya, idonsa a kan takalminsa.

Daɗi ya kama Gawayi. Kwana tara ya yi a ɗakin nan yana zufa, yana ba makirfo duk abin da ke ƙirjinsa. Da ya hango Sitaci ya buɗe baki sai shi ma ya buɗe. Da aka zo waƙa ta ƙarshe har hawaye ya yi, don shi ya tsara kalmominta, kuma mahaifiyarsa ya yi wa.

Ita ce dalilin komai. Tun rasuwar mahaifinsa, Inna take zaune ita kaɗai a ɗaki biyu a can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga kafin a kai. Shi ne autanta. Ranar hutu kaɗai yake samun zuwa, kuma duk zuwan da zai yi shirun ɗakin ne ke fara tararsa a ƙofa, shirun da har agogon bango ake ji. Ba suna yake nema ba, ba mota ba. So yake ya bar mata muryarsa a ɗakin, ta danna abu ta ji shi duk sa'ar da ta ga dama.

Faifan farko da ya fito daga kwali shi ya ɗauka. A bangon ga su su huɗu, shi a tsakiya saboda tsawo, ya ɗaga dutsen guga sama, baki buɗe har ana ganin dasashi. Ya saya mata 'yar na'ura, ya jona, ya nuna mata maɓallin da ake dannawa. To, Gawayi yana da hali guda: ba ya iya jin waƙarsu bakinsa a rufe. Faifai yana farawa ya kama, bai saki ba sai da waƙa goma suka ƙare. Inna tana zaune a bakin gado tana gyaɗa kai, fuskar nan cike da murmushi.

"Madalla, Auta," ta ce. "Allah ya yi albarka. Kamar kana cikin ɗakin."

Ya koma gida ranar yana gaisar da mutanen da bai sani ba.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Babu motar haya, babu shagon aski, babu wurin sayar da shayi da ba a jin faifan. Kamfanin sabulu ya ce da sabulunsa suke wanki. Wani kamfanin ya ce ƙarya ne, da nasa ne, aka tafi kotu. Shagon nasu ya zama wurin ziyara: mutane suka riƙa sayen sabbin riguna suna cukuikuye su a hanya don kawai su shiga layi. Wata mata ta kawo zanen gado ta roƙi a ƙona mata shi ko kaɗan ne, ta ajiye don tarihi, Sitaci ya nuna mata allo.

Gawayi kuwa shi jama'a suka ɗauka. Shi ne a tsakiya, shi ne bakinsa a buɗe, saboda haka duk muryar da ta yi wa mutum daɗi tasa ce. 'Yan mata suka ce siririyar nan ce. Direbobi suka ce mai kaurin ce. Wani malamin jami'a ya yi sharhi shafi huɗu a jarida, ya ce gwanintar Gawayi ita ce ba ya tsoma baki inda ba a neme shi ba, kuma matasan mawaƙa su yi koyi. Gawayi ya sa aka karanta masa sau biyu, bai gane ba, amma ya yanke shafin ya ajiye.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa. Inna ta daina maganar faifan.

Ranar hutu ta farko ya tarar an rufe na'urar da ƙyallen saƙa. Ya ce, "Inna, kina dai jin waƙoƙin?" Ta ce ya ci abinci kuwa, ta ga ya rame. Mako na biyu ya ce, "Inna, wacce kika fi so?" Ta ce famfon bayan gida yana ɗiga, ya duba mata. Mako na uku ya miƙa hannu zai kunna, ta ce kanta na ciwo. Gari gaba ɗaya yana yabonsa, mutumin da bai taɓa gani ba sai ya tsallako titi ya rungume shi, amma wadda ya yi abin dominta ko kallon na'urar ba ta yi in yana nan. Abin ya tsaya masa a rai. Yakan zauna gaban wutar gawayi da mafici a hannu ya manta da fifita, yana tambayar kansa me ya yi mata.

Ana cikin haka gidajen rediyo suka haɗu suka ba shi kyautar Muryar Shekara. Aka yi taro a babban zaure da rana tsaka, aka miƙa masa wani ƙarfe mai siffar maƙogwaro. Mai gabatarwa ya ce jama'a ba za su tashi ba sai gwani ya ɗan ja musu baiti ɗaya shi kaɗai, ya miƙa masa makirfo a kunne. Gawayi ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji da iska. A layin gaba Bula ya rufe ido, Kumfa ya rasa abin faɗa karo na farko a rayuwarsa. Sai Manaja ya miƙe, ya dafe kai, ya zube a ƙasa sumamme, yana faɗuwa kuma ƙafarsa ta san inda wayar lasifika take. Aka yi kansa da ruwa, taro ya watse.

Washegari Manaja, wanda ya warke sarai, ya zo shago da wani likita. Farar rigar likitan kuwa, Kumfa ya gane ta, don shi ya goge ta shekaranjiya, kuma mai gidan burodin bayan layi ne ya kawo ta, amma ya haɗiye maganar. Likita ya haska maƙogwaron Gawayi da tocila, ya girgiza kai, ya ce murya irin wannan ƙarewa take in ana ɗiba ba lissafi. Wata guda cur ba waƙa, ba ɗan gunguni a banɗaki, ba ko fito. Ya naɗa masa ƙyalle mai kauri a wuya duk da zafin da ake yi.

Dabarar ta yi kyau a ido, amma ita ta tona komai.

Kwana uku bayan haka Gawayi ya shiga motar haya, aka tsaya a cunkoso, direba ya kunna faifan. Waƙa ta taso masa har maƙoshi. Ya tuna da likita, ya cusa bakin ƙyallen a baki ya ciza. A karo na farko tun da faifan ya fito ya saurare shi da kunne kawai.

Ga Sitaci can ƙasa. Ga Kumfa a tsakiya. Ga Bula a sama. Ya jira. Ya ƙirga da yatsu, ya samu uku. Ya ce ko wannan waƙar ce, ya jira ta biyu. Uku. Ya sauya hannu ya sake ƙirgawa.

Direba ya hango shi ta madubi ya buga sitiyari. "Kai! Ashe da babban baƙo a motata! Ga ka nan, ga ka nan, ji yadda ka ja ta!" Bula ne yake ja.

"Haba direba, ba ka da kunne," in ji wata mata da kwandon kayan miya a cinya. "Ka dube shi ka ce wannan siririyar daga jikinsa ta fito? Ga tasa can ƙasa." Sitaci take nufi.

Wani dattijo a kujerar baya ya ce duk sun ɓata, tasa ita ce wadda ke yin fuuu a farkon kowace waƙa. Wannan kuwa tururin dutsen guga ne da Injiniya ya ɗauka don ado. Gardama ta kaure, aka ce mai ita ya raba. Gawayi ya nuna ƙyallen wuyansa, ya sauka tun bai kai inda za shi ba.

Situdiyo ya nufa, ya tarar da Injiniya yana tsoma burodi a shayi. Gawayi ya wuce ɗakin ajiya kai tsaye. Makirfon yana nan da ƙyallinsa. Ya kama wayar ya fara bi. Ta bi ƙarƙashin katifa, ta shiga ƙarƙashin kafet, ta zagaya bayan kabad, ta hau bango, ta fice ta taga. Ya leƙa. Wayar ta ratsa baranda daga wannan kusurwa zuwa waccan, an shanya safa ƙafa uku da singileti a kanta, ƙarshenta kuma an ɗaure a jikin bututun ruwa, ɗauri mai kyau.

Da ya juyo, Injiniya yana tsaye a bayansa, burodi yana ɗiga.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan aiki ne," ya ce. "Wallahi na gwada. Na rage ka har ƙarshen maɓalli, amma da ka buɗe baki sai allurar na'ura ta kwanta ta ƙi tashi."

"Ko a amshi ba na ciki?"

"Babu."

"A waƙa ta shida na yi tari."

"Na gani ta gilashi." Injiniya ya sunkuyar da kai. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi waƙa da zuciya ɗaya irinka ba. Gani fa na ce."

Gawayi ya sauko matakala yana dafa bango. Ba fushi ne ya fara zo masa ba, kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa yawa.

A shago layi ya kai har kwana. Ya ratsa mutane ya shiga, ya ja ƙofa ya rufe, ya je ya kashe injin wanki. Shagon ya yi tsit, irin tsit ɗin da bai taɓa yi ba da rana. Ukun suka dube shi, suka dubi juna, kowa ya sha jinin jikinsa.

"Na bi wayar," ya ce.

Sitaci ya kafa dutsen gugarsa a tsaye. "Ƙa'idar shago ce, Gawayi."

"Ni riga ce?"

"Ba mu iya barinka a baya, ba mu kuma iya gaya maka. Me kake so mu yi?"

"Rabonka fa ba a taɓa ba," in ji Kumfa. "Komai huɗu aka—"

"Rufe mini baki." Ya juya kan Sitaci. "To tunda yau ranar faɗar gaskiya ce, kwat ɗin alƙalin nan na bara, kai ka ƙona shi. Ni na tare shi a bakin titi, har ya ce zai ɗaure ni."

Sitaci ya yi fari fat. "Ni? Ni ban taɓa ƙona—"

"Sau tara," in ji Bula a hankali, kansa a ƙasa.

Sitaci ya nemi kujera ya zauna. Kumfa ya fashe da dariya, Gawayi ya ce ya dakata, labulen otal guda shida wa ya mayar da su rariya? Kumfa ya ce ai Bula ne. Bula ya ce shi bai taɓa... sai aka ce masa rigar makaranta fa, ya tsaya, don babu wanda ya taɓa ce masa komai, yanzu yake ji. Cikin minti goma aka zazzage shekara goma sha ɗaya a tsakar shago: wanduna, mayafai, rigar limamin wata unguwa, tutar ƙungiyar ƙwallo. Mutanen da ke layi suka manna kunne a ƙofa, suka ce sabon faifai ake shiryawa, kuma da alama zai fi na farko.

Da kowa ya gaji, Gawayi ya ce, "Ni fa? Nawa na ƙona?"

 Bula ya ɗago kai. "Kai ba ka taɓa ƙona komai ba. Ko sau ɗaya."

Gaskiya ce kuwa, tsakani da Allah. Amma Gawayi ya dubi fuskokin nan uku da ya fi sani a duniya, ya ga ba shi da hanyar da zai gane ko gaskiyar ce. Wannan ya fi wayar baranda yi masa ciwo.

"Mu koma mu sake ɗaukar ta ƙarshe da kai," in ji Bula. "Ko Manaja zai mutu da gaske."

"Ba faifan ne ya dame ni ba." Gawayi ya girgiza kai. "Na kai wa tsohuwa abin da ba na ciki, na ce mata ga ni. Ta gane. Shi ya sa ba ta iya kallona da maganar. Tana ganin ɗanta ya zama maƙaryaci."

 Ya buɗe ƙofa ya fita, jama'a suka yi ta tafi.

Mota biyu ya shiga, duka biyun faifan suke kunne. Ya isa da la'asar. Inna tana bakin gado tana warware wata tsohuwar rigar sanyi, na'urar tana gefe da ƙyallenta. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya rasa ta inda zai faro.

"Inna, maganar faifan nan ce."

Hannunta ya tsaya. Ta dube shi, sai ya ga idonta ya cika da ƙwalla.

"Wa ya gaya maka?" ta ce. "Mai gyara ne, ko? Na ce masa ya rufa mini asiri."

"Wane mai gyara?"

 Ta durƙusa da ƙyar, ta jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Cike yake da faifan, jeri-jeri, fuskarsa da buɗaɗɗen bakinsa sun fi arba'in suna kallon rufi.

"Ka yafe mini, Auta. Na lalata wanda ka ba ni. Ranar da ka kawo shi kana ciki, da kunnena na ji ka. Kana fita na danna, sai ga abokanka su uku, kai babu. Na ce wani wuri na taɓa na goge ka. Na ji kunyar gaya maka, na je kanti na sayo wani. Shi ma babu kai. Na ce jabu suka ba ni don sun ga tsohuwa. Na tafi wani kantin. Babu kantin da ban shiga ba har bayan tasha." Ta share ido da bakin zane. "Na kai na'urar gyara sau biyu, ya ce lafiyarta ƙalau, na ce bai san aikinsa ba. Maƙwabta kuma kowa ya shigo sai ya ce ga ɗanki nan, ga ɗanki nan, ni kaɗai ce ba na jin ka. Sai na je asibiti aka wanke mini kunne. Na ce ko tafiya ya fara yi, kuma da kai ya fara."

Gawayi ya dubi akwatin. Wata uku tsohuwar nan tana hawa mota tana sauka, tana bin kantuna da ciwon gwiwa, tana nemansa. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da ya gode mata.

"Ba kunnenki ba ne, Inna. Ba na ciki. Ban taɓa kasancewa a ciki ba. Ranar nan ni ne nake bi da bakina, ban sani ba. Makirfon da suka ba ni ba a jone yake ba. Yau na gano."

Ta ƙura masa ido.

"Wato ba kunnena ba ne."

"A'a."

"Ba kuma na'urar ba."

"A'a."

"To sai na je na ba yaron nan mai gyara haƙuri, na zage shi a banza." Ta koma bakin gado ta zauna, ta sauke wani dogon numfashi. "Me ya sa suka cire ka?"

Ya sunkuyar da kai. Faɗar ta fi komai wuya. "Muryata ba ta da daɗi, Inna. Ashe ban iya waƙa ba."

"Yau ka sani?"

Ya ɗago a firgice.

"Ni na haife ka, ina zan rasa sani? Tun kana goye in ka yi kuka kajin maƙwabta ke watsewa." Ta tura akwatin da ƙafa. "Wa ya ce maka daɗi nake nema? Daɗi ga shi nan cike da akwati, ya hana ni wurin ajiye takalmi. Cire tsumman nan daga wuyanka, zafi ake yi. Wadda ka ce tawa ce, ta ƙarshen, yi mini ita."

"In kunna faifan in bi?"

"Bar su su huta."

Ya kwance ƙyallen. Ya buɗe baki, abin ya fito kamar yadda ya saba fitowa, da ƙarfi, a karkace, ga kuka kuma ya shiga ciki ya ƙara ɓata shi. Murfin tukunya ya ɗauki rawa. Wani kare ya amsa daga ƙarshen layi. Inna ta jingina da bango ta lumshe ido, hannunta a kan gwiwa yana bin kiɗan da babu shi.

Bai kai rabi ba aka buga ƙofa da ƙarfi. Maƙwabciya ce, numfashinta sama-sama.

"Inna! Inna, lafiya? Me ya faru? In kira mutane?"

Inna ba ta buɗe ido ba. Ta ɗaga hannu ta yi wa Gawayi alama kada ya tsaya, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji ta a waje.

"Lafiya ƙalau. Auta ne ya zo."